Yadda Mutum Zai Ci Moriyar Wahalarsa: Horon Kai da Binciken Zuciya a Koyarwar Buda

Hausawa suna cewa bayan wuya sai daɗi, kuma idan masifa ta afka wa mutum mukan lallashe shi da cewa zai fito daga cikinta ya fi da hankali. Amma duk wanda ya zauna da jama'a ya san ba kullum haka take kasancewa ba. Akwai wanda karayar arziki ta mayar da shi mai tausayi da sanin darajar mutane, akwai kuma wanda irin wannan karayar ta bar shi da ƙullaci da zargin kowa har ya koma ga Mahaliccinsa. Buda, malamin da ya kafa addinin da ake kira da sunansa, ya lura da wannan tun kimanin shekaru 2,500 da suka wuce, ya koya wa almajiransa cewa wahala tana kai mutum ga ɗayan wuri biyu: ko ta rikita shi ya zauna yana kuka da bugun ƙirji, ko ta tashe shi ya shiga neman wanda ya san mafita. Wahala ita kaɗai ba ta gyara kowa, sai an yi aiki a kanta, kuma wannan aikin yana da hanyar da ake koyonsa.

Sunansa na yanka Siddata Gotama, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nepal ta yau, a gidan sarautar ƙabilar Sakiya. Labarin da mabiyansa suka adana ya nuna cewa ya tashi cikin gata, har ranar da ya ga tsoho, da majinyaci, da gawa, da wani mai zuhudu, sai ya bar gida yana da shekara 29 domin neman maganin abin da ya gani. Yana da shekara 35 ya ce ya gano hanyar, a ƙarƙashin wata bishiya dangin ɓaure a Bod Gaya da ke jihar Bihar ta Indiya, ya yi shekara 45 yana koyarwa, ya rasu a Kusinara yana da shekara 80. An riƙe koyarwarsa da hadda tsawon ƙarnuka kafin a rubuta ta da harshen Pali a kan ganyen dabino a tsibirin Siri Lanka.

Wajibi ne in faɗi abu ɗaya a fili. Aƙidar Buda ba ta ginu a kan imani da Mahalicci ba, kuma tana cewa ana sake haihuwar mutum bayan mutuwa, saboda haka ta saɓa wa abin da Musulmi da Kirista na jiharmu ta Kebbi suka yi imani da shi, kuma ba na kiran kowa zuwa gare ta. Abin da na ga ya cancanci a duba shi ne ƙwarewar da mutanen nan suka yi wajen lura da yadda zuciya take aiki a lokacin ƙunci. Wannan mai hankali yana iya karɓarsa kamar yadda yake karɓar magani daga hannun likitan da ba addininsu ɗaya ba.

Fara da raba kibiya ta farko da ta biyu

Buda ya ba da misalin mutumin da aka harba da kibiya, sannan aka ƙara masa ta biyu a wuri ɗaya. Ta farko ita ce abin da ya faru: ciwo, rashi, asara. Ta biyu ita ce abin da zuciya take ƙarawa a kai, kuma mutum ne yake harbin kansa da ita. A cewarsa, wanda ya horu yana jin zafin ta farko kamar kowa, amma ba ya ƙara wa kansa ta biyu.

Mu ɗauki abin da muka sani. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu tarin yawa a jihar nan, tun daga fadamun Argungu da Birnin Kebbi har zuwa Bagudo da Yauri, kuma manoma da dama suna ɗauke da bashi a wuyansu lokacin da ruwan ya zo. Ga manomin da ya wayi gari ya ga gonarsa ta zama tafki, kibiya ta farko ita ce shinkafar da ta tafi da bashin da ya rage. Ta biyu tana zuwa ne da dare bayan kowa ya kwanta: da na sani ban ci bashin nan ba, me ya sa sai ni, wane da gonarsa take kan tudu yana can yana yi mini dariya, ni dai tawa ta ƙare. Ruwan ya janye cikin makonni, amma waɗannan maganganu suna iya zama a zuciyar mutum shekara da shekaru, su hana shi barci, su sa ya riƙa huce haushinsa a kan iyalinsa.

Abin da za ka yi shi ne ka samu takarda, da boko ko da ajami, ka raba ta biyu. A gefe ɗaya ka rubuta abin da ya faru kawai, irin wanda shaida zai iya tabbatarwa: buhu nawa aka rasa, bashin nawa ne, yaushe wa'adinsa, me ya rage a rumbu. A ɗaya gefen ka rubuta abin da zuciyarka take faɗa maka, ba tare da ka gyara shi ko ka ji kunyarsa ba. Yawancin mutane idan suka yi haka sukan ga cewa gefen farko gajere ne kuma kowane layi a cikinsa yana da aikin da za a yi masa, ko noman rani, ko zama da mai bashi a nemi sassauci, ko neman ƙwadago. Gefe na biyu ne yake da tsawo, kuma ba a biyansa da kuɗi.

A kan gefe na biyun za ka tsaya ka tambayi kanka me ke ƙarƙashinsa. A huɗubarsa ta farko a Sarnat, kusa da birnin Baranasi, Buda ya jera gaskiya 4: akwai wahala, tana da sanadi, tana iya yankewa, kuma akwai hanyar yanke ta. Sanadin da ya ambata shi ne ƙishirwar zuciya, wadda ya kasa kashi 3: ƙishirwar jin daɗi, ƙishirwar zama wani abu a idon duniya, da ƙishirwar mutum ya gushe ya huta da komai. Manomin nan idan ya yi wa kansa adalci yana iya ganewa cewa abin da ya fi ƙona masa rai ba buhunan ba ne, sunan babban manomi ne da yake ganin ya suɓuce masa, da kallon da zai sha a majalisa. Da zarar ya gane haka, ya samu abin da zai iya saki, domin ba shi da iko da gulbi, amma yana da iko da yadda yake riƙe da sunan nan.

Kada a fahimci wannan a matsayin kira ga mutum ya rungume hannu a gaban zalunci. Wanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyensa a masarautar Zuru an zalunce shi, kuma yana da haƙƙin ya nemi kariya da adalci da dukkan ƙarfinsa. Ina ganin ma wanda ya cire kibiya ta biyu ya fi iya neman haƙƙinsa, saboda fushi bai rufe masa ido ba.

Akwai kuma wani mataki da ba a yin sa a ɗaki. Ana ba da labarin wata mata mai suna Kisa Gotami wadda ɗanta tilo ya rasu, ta rungumi gawar tana yawo tana neman magani. Buda bai yi mata wa'azi ba. Ya ce ta samo masa 'yan ƙwayoyin mastad, irin da ake samu a kowane madafi a ƙasar, amma daga gidan da ba a taɓa yin rashi ba. Ta bi gida gida, kowa yana son ba ta, amma babu gidan da mutuwa ba ta shiga ba, kuma kafin yamma ta yarda ta rabu da gawar ɗanta. Baƙin ciki yana sa mutum ya ɗauka shi kaɗai aka ware, don haka idan kana cikinsa ka tilasta wa kanka zuwa dubiya da ta'aziyya, ka zauna ka saurari wasu ba tare da ka kawo naka labarin ba.

Kada ka je neman wahala da kanka

Wasu suna ɗauka cewa tunda wahala tana koyar da mutum, to ƙara ta alheri ne. Buda ya gwada wannan ya bar shi. Shekara 6 ya yi yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya zama ƙashi da fata, bai samu abin da yake nema ba, sai da ya karɓi shinkafa da madara daga hannun wata mata mai suna Sujata ya dawo da ƙarfinsa. Abokansa 5 suka yi fushi suka tafi, suna ganin ya karaya. Daga nan ya kira hanyarsa matsakaiciya, tsakanin bin son rai da azabtar da kai.

Wani almajirinsa mai suna Sona ya matsa wa kansa da tafiya yana tunani har tafin ƙafarsa ya tsage yana jini, da ya ga bai cim ma komai ba sai ya yi niyyar komawa gida. Buda ya san Sona gwanin kaɗa wani irin molo ne kafin ya shiga zuhudu, sai ya tambaye shi ko molon yana ba da sauti idan tsirkiyar ta yi tsauri sosai, ko idan ta yi sako-sako. Sona ya ce a'a, sai an daidaita ta. Saboda haka idan za ka ɗora wa kanka horo, ka zaɓi abu ɗaya ƙarami wanda za ka iya yi ko a ranar da ka fi gajiya, ka dawwama a kansa, sannan ka ƙara wani. Wanda ya ce daga gobe ya daina fushi da gulma da kallon waya da makara duka a lokaci guda, ba zai kai mako ba.

Horo yana farawa daga harshe

Mabiyin Buda da ke zaune da iyalinsa yana ɗaukar wa kansa alkawari 5: ba zai kashe mai rai ba, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba zai yi lalata ba, ba zai yi ƙarya ba, kuma ba zai sha abin da ke gusar da hankali ba. Na farkon ya haɗa har da dabba da kifi, wanda masuntan Yauri da mahautanmu ba za su ɗauka ba, kuma addininmu ya halatta musu sana'arsu. Sauran huɗun kuwa ba baƙi ba ne a wurinmu. Abin lura shi ne dalilin da ya sa aka fara da su kafin zaman natsuwa: zuciyar da take ɓoye da ƙarya ko haƙƙin wani ba ta iya zama shiru, domin da zarar ta natsu abin da ta ɓoye ne yake fara tasowa. Na biyar kuma yana da nauyi na musamman ga mai wahala, saboda a lokacin ƙunci ne matashi yake fara neman ƙwaya ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018. Maye yana ɗage zafi na 'yan awoyi, ya kuma kwashe hankalin da mutum zai duba zafin da shi.

Ina ba da shawarar a fara da harshe, domin shi ne wanda ake jarraba mutum da shi tun daga safe har dare, kuma magana zarar bunu ce. Buda ya ce magana mai kyau tana da sharaɗi 5: a faɗe ta a lokacinta, ta zama gaskiya, a faɗe ta da taushi, ta zama mai amfani, kuma ta fito daga zuciya mai nufin alheri. A makon farko kada ka yi ƙoƙarin gyara komai, ka lura kawai. Ɗan kasuwa a Jega ko mai albasa a Aliero ya ƙirga sau nawa ya rantse a kan farashin da ya san ba haka ya saya ba. Mai waya ya lura sau nawa ya tura labari a WhatsApp bai tabbatar da shi ba. Magidanci ya lura da muryar da yake yi wa matarsa magana da ita idan ya dawo gida a gajiye. A mako na biyu sai ka zaɓi guda ɗaya ka tsare shi. Za ka ji wani ƙaiƙayi a ƙirji duk lokacin da ka haɗiye maganar da ka saba faɗa, kuma wannan ƙaiƙayin shi ne kaɗai irin wahalar da ya dace mutum ya jawo wa kansa, domin a cikinsa ne ake ganin ƙishirwar zuciya ƙiri-ƙiri, ana kuma ganin tana lafawa idan ba a biye mata ba.

Zaman lura da numfashi

Ka zaɓi lokacin da gida yake shiru, bayan sallar asuba ko bayan yara sun kwanta. Ka zauna a kan tabarma ko kujera, bayanka a miƙe, ka sa hankalinka a inda iska take taɓa hancinka. Kada ka ja numfashi da ƙarfi, kada ka ƙirƙiri komai, ka san dai yana shiga idan yana shiga, ka san yana fita idan yana fita. Minti 10 sun isa ga mai farawa. Hankalinka zai gudu zuwa bashi, ko kasuwa, ko wata magana da aka faɗa maka bara, kuma hakan ba gazawa ba ce. Duk lokacin da ka farga ya gudu ka dawo da shi ba tare da tsawa ba, wannan dawowar ita ce aikin.

Buda ya ambaci abubuwa 5 da suke tare hanya a irin wannan zama: kwaɗayi, ƙiyayya, kasala da gyangyaɗi, rashin sukuni da cizon yatsa, da kuma shakka. Idan ɗayansu ya zo, ka kira shi da sunansa a zuci, ka duba inda yake zaune a jikinka, ko ƙirji ne ya yi nauyi ko muƙamuƙi ya ɗaure, ka jira ka ga yadda yake canzawa. Wanda ya taɓa kallon fushinsa yana tasowa, ya kai ƙololuwa, ya sauka da kansa ba tare da ya ce uffan ba, ya koyi abin da babu mai iya koya masa da baki. Likitocin zamani ma sun ɗauki wannan hanya: a 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara wani shiri a asibitin jami'ar Masacusets ta Amurka domin masu fama da ciwo mai daɗewa da damuwa. Sai dai wanda ya ga tashin hankali da idonsa, kamar hari ko garkuwa, idan ya ji zaman shiru yana dawo masa da abin da ya gani har jikinsa yana rawa, to ya dakata ya nemi likita, kuma akwai asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kware kusa da Sakkwato.

Madubin da ake dubawa sau uku

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Buda ya koya wa ɗansa Rahula maganin wannan tun yana yaro ƙarami. Ya tambaye shi amfanin madubi, yaron ya ce don a duba kai ne, sai ya ce haka zai riƙa duba aikinsa da maganarsa da tunaninsa a lokuta 3: kafin ya yi, yana cikin yi, da bayan ya gama. Tambayar ɗaya ce a kowane lokaci, wato ko abin nan zai cutar da ni, ko wani, ko mu duka. Idan kafin ka fara ka ga cuta, ka fasa. Idan kana tsakiya ka gan ta, ka tsaya nan take ko da za a ce ka ji kunya. Idan kuma sai bayan an gama ka gane, ka faɗa wa malami ko wani aboki mai hankali, sannan ka ƙudurta ba za ka sake ba. Ya ƙara da abin da mutane da yawa suke mantawa: idan ka duba ka ga aikin ya yi kyau, ka yi farin ciki da shi, ka ci gaba. Binciken da ba ya ganin komai sai laifi ba adalci ba ne, kuma mai yin sa ba ya daɗewa yake bari.

Malamanmu suna kiran irin wannan muhasaba, don haka Musulmi ba zai ji shi baƙo ba. Ka ware minti 5 kafin barci ka bi ranarka daga farko: wa na yi wa magana, me na karɓa, me na bayar, a ina zuciyata ta yi zafi. Idan ka samu kuskure, ka yanke shawarar abin da za ka yi gobe a kansa, ko ba da haƙuri ko mayar da haƙƙi, sannan ka rufe maganar. Ka tuna cewa cizon yatsa yana cikin abubuwa biyar ɗin da suke tare hanya. Mutumin da yake kwana yana zagin kansa a kan laifin da ya wuce bai fi wanda bai damu ba gyaruwa, ya dai ƙara wa kansa kibiya ne.

A cikin wannan zaman dare ne kuma za ka iya tuna abubuwa 5 da Buda ya ce kowa ya riƙa tunawa, mace ko namiji, mai zuhudu ko mai iyali: zan tsufa, zan yi ciwo, zan mutu, zan rabu da duk abin da nake so, kuma aikina ne kaɗai abin da na mallaka. Manufar ita ce a karya mayen ƙuruciya da mayen lafiya, waɗanda suke sa mutum ya yi ta jinkirta gyara.

Duk da haka akwai laifin da mutum ba ya gani komai yawan dubawarsa, kuma masu zuhudun Buda suna da al'ada a kan haka wadda har yau ake yi a Tailan da Miyanma da Siri Lanka. Bayan sun yi wata 3 na damina a wuri ɗaya, sai su taru, kowa ya roƙi sauran su faɗa masa duk laifin da suka gani, ko suka ji, ko suke zato a kansa, kuma babba ne yake fara roƙon kafin ƙarami. Kai ma ka samu mutum ɗaya ko biyu da suke ganinka a inda ba ka yin ado, kamar matarka, ko ƙaninka, ko yaron shagonka, ka ce musu kana son su faɗa maka hali ɗaya naka da yake cutar da su. A al'adarmu na ƙasa ba ya iya faɗa wa na sama laifinsa kai tsaye, saboda haka kada ka matsa a ba ka amsa a take, ka ba su kwanaki, ka kuma yarda su aiko ta bakin wani idan hakan ya fi musu sauƙi. Idan amsar ta zo kada ka kare kanka ko ka kawo nasu laifin, ka yi godiya ka tashi. Bayan wata 3 ka koma wurin mutumin ka tambaye shi ko ya ga canji a kan wannan halin, idan ya ce bai gani ba ka ci gaba da aiki a kansa kafin ka nemi a faɗa maka wani.